Tsofaffin mashayun koktel na zamanin da: yaya ake gane na ainihi, kuma wanda ba ya shan barasa yana da wurin zama?

Mai Son Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da na daɗe ina juya ta a raina, kuma na ga ya dace in kawo ta nan domin na san akwai waɗanda suka fi ni yawon duniya, da waɗanda suka yi aiki a harkar otal.

A ƙarshen wannan shekara ni da maiɗakina za mu cika shekara ashirin da aure, kuma mun shirya wata 'yar tafiya don tunawa da ranar. Tun kafin mu yi aure dukkanmu muna da sha'awar tsofaffin hotuna da finafinan baƙi da fari na shekarun 1930 da 1940, kuma abin da ya fi tsaya mana a rai a cikinsu shi ne ɗakunan shaƙatawar nan na manyan otal-otal: doguwar kanta ta katako mai sheƙi, madubai a bayanta, fitilu masu sanyin haske, kujerun fata ko na karan-miski, mai kiɗan piyano a kusurwa, da ma'aikaci sanye da farar kwat yana haɗa abin sha a tsanake kamar mai auna magani. Burinmu shi ne mu yi ado, mu je irin wannan wuri, mu zauna na sa'a biyu ko uku muna hira, mu ji yadda daren mutanen wancan zamani yake.

Da na fara bincike a intanet sai kaina ya ɗaure, domin kusan kowace mashayar koktel, wato abin shan da ake haɗawa daga barasa da wasu kayan ɗanɗano, tana kiran kanta ta gargajiya, tana nuna hotunan kujerun fata da fitilun tagulla, amma idan na duba da kyau sai in ga wasu ba su fi shekara uku da buɗewa ba. Ina so masu sani su yi mini bayani a kan yadda ake bambanta wurin da ya tsufa da gaske da wanda aka yi masa kwalliyar tsufa, da kuma ko wannan bambancin yana da muhimmanci ga wanda ya zo don ya ji daɗin dare ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan damuna. Ni da maiɗakina ba ma shan barasa, ba mu taɓa sha ba, ba mu kuma da niyyar farawa. Abin da ke jan mu zuwa wurin shi ne ɗakin da kiɗan da natsuwar da muke gani a hotuna. Shin mutum irina zai samu karɓuwa a wurin da aka gina domin sayar da abin da ba ya sha, ko kuwa zan zauna ne a takure, ma'aikata suna jiran in tashi in ba wani kujera? Na gode a gaba.

Tsohon Ma'aikacin Otal ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara danƙon zumunci tsakaninka da iyali, ya nuna muku shekaru masu yawa a gaba. Na yi shekara goma sha takwas ina aiki a otal-otal, goma sha ɗaya daga ciki a bayan kanta, saboda haka zan fara da tambayarka ta biyu, wadda na ga ita ce ta fi tsaya maka a rai.

Babu ma'aikacin da ya san sana'arsa da zai raina baƙo don ba ya shan barasa. Wannan ma tsohon abu ne a sana'ar, domin littafin da Jerry Thomas ya wallafa a Amurka a 1862, wanda ake ɗauka a matsayin littafin farko na koyar da haɗa koktel a ƙasar, yana da sashe guda na abubuwan sha marasa barasa. A shekarun 1930 kuma aka san haɗin nan da aka sa wa sunan yarinyar fim Shirley Temple, wanda ba komai a cikinsa sai lemun citta mai gas da ruwan rumman mai zaƙi da ɗan itacen ceri a sama. A yau manyan wurare da dama suna da shafi guda a takardar abin sha domin masu irin buƙatarka, kuma ana ba shi kulawa daidai da sauran shafuka.

Hasali ma, rashin shanka zai zame maka ma'auni mai kyau na gane ingancin wuri. Ka gaya wa mai haɗi cewa ba ka shan barasa, sannan ka zuba ido ka ga abin da zai yi. Idan ya tsiyayo maka lemun kwali a tambulan, ya maƙala yankan abarba a baki, ya miƙo maka ba tare da ya ce komai ba, to wurin ado ne kawai yake da shi. Wanda ya ƙware zai tambaye ka abin da harshenka ya fi so, tsami ko ɗaci ko zafin citta ko ƙamshin na'a-na'a, sannan ya matse lemun tsami a gabanka, ya auna ruwan sukari da ɗan ma'auninsa na ƙarfe, ya girgiza da ƙanƙara har sai gwangwanin ya yi raɓa, ya tace a cikin kofin da aka riga aka sanyaya. Kallon wannan aiki rabin daɗin daren ne, kuma kai ma kana da haƙƙi a kansa kamar kowane baƙo.

Sai dai akwai abu guda da ya wajaba in ja hankalinka a kai, domin na sha ganin an yi kuskurensa ba da mugun nufi ba. Akwai wata 'yar kwalba ta ruwan ɗaci da ake ɗiga wa abin sha ɗigo biyu ko uku don ƙamshi, wadda aka fi sani da sunan Angostura, kuma barasar da ke cikinta ta kai kashi 44.7 cikin ɗari. Wasu masu haɗi suna ɗaukar ta kamar kayan ƙamshin girki, sai su ɗiga ta a cikin abin da suka kira marar barasa. Haka nan a Amurka da wasu ƙasashe doka ta yarda a rubuta wa abin sha "marar barasa" matuƙar abin da ke cikinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka ka faɗa a fili tun farko cewa ba ka son ko ɗigo, har da ruwan ɗacin nan da kwalaben da aka cire wa barasa bayan an haɗa su. Ma'aikacin kirki zai gode maka da ka fayyace masa.

Game da tambayarka ta farko, zan bar maganar gini ga waɗanda suka fi ni saninsa, amma zan faɗi abin da na koya da kunnena da idona. Abu na farko da nake lura da shi idan na shiga wuri shi ne sauti. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, to ko da an kwashe shekara ɗari da gina ɗakin, daren da kake nema ba ya nan. Tsofaffin ɗakunan an cika su da labule masu kauri da darduma da kujeru masu laushi, waɗanda ke shanye hayaniya, shi ya sa mutum hamsin za su iya hira a lokaci guda kowa yana jin abokin zamansa, piyano kuma yana tafiya a ƙarƙashin hirar ba tare da ya danne ta ba. Idan ka hango talabijin a bango, ka san masu wurin wata kasuwa daban suke nema.

Abu na biyu shi ne ƙanƙara, wadda mutane ba su cika lura da ita ba alhali ita ce ta haifi sana'ar gaba ɗaya. Lokacin da wata jarida ta garin Hudson a jihar Niyok (New York) ta Amurka ta fara bayyana ma'anar kalmar koktel a 1806, abin da ta lissafa shi ne barasa da sukari da ruwa da ruwan ɗaci, babu maganar sanyi. A wannan shekarar ce wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya fara yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare yana lodawa a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinik, kuma zuwa 1833 kayansa sun isa har Kalkata a Indiya. Da ƙanƙara ta wadata a biranen Amurka sai haɗa abin sha mai sanyi ya zama sana'a mai zaman kanta. Har gobe wurin da ke girmama wannan tarihi za ka ga yana amfani da manyan curi na ƙanƙara masu haske kamar gilashi, waɗanda ba sa saurin narkewa, wani lokaci ma a gabanka za a sassaƙa su da wuƙa.

Abu guda na wancan zamani da ba za ka tarar ba shi ne hayaƙin taba da ke cika finafinan da kuke kallo, domin an hana shan taba a mashayun birnin Niyok tun 2003, Ingila ta biyo baya a 2007, Faransa kuma a 2008. Ni da na yi aiki kafin irin wannan doka da bayanta, ina tabbatar maka cewa wannan ci gaba ne ga baƙi da ma'aikata baki ɗaya.

Mai Zanen Gini ta amsa:

Malam, ina taya ku murna kai da Malama. Ɗan'uwa da ya gabace ni ya yi bayani mai gamsarwa a kan hidima, ni kuma zan tsaya a kan ɗakin kansa, tunda zanen gine-gine na karanta.

Da farko akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Yawancin sabbin wuraren da ka gani a intanet suna kwaikwayon mashayun ɓoye ne na lokacin da Amurka ta haramta sayar da barasa, daga Janairun 1920 zuwa Disamban 1933. Shi ya sa za ka ga ƙofa babu suna, ko a ce sai ka faɗi kalmar sirri, ko ka bi ta bayan wani shago. Wanda ya fi shahara da wannan salo shi ne PDT na birnin Niyok, wanda aka buɗe a 2007, inda ake shiga ta cikin akurkin wayar tarho da ke cikin wani ɗan shagon abinci. Amma mafi yawan mashayun ɓoye na ainihi ɗakuna ne na ƙarƙashin ƙasa ko na bayan gida, abin shan da ake sayarwa a ciki kuma sau da yawa mummuna ne. Ƙayataccen ɗakin da kake gani a finafinai ya fi kama da mashayun manyan otal-otal, musamman na Turai, inda ƙwararrun masu haɗi na Amurka suka koma da aiki bayan doka ta rufe musu kasuwa a gida. Harry Craddock yana cikinsu: ya bar Amurka ya kama aiki a mashayar American Bar ta otal ɗin Savoy a Landan, inda wata mace mai suna Ada Coleman take shugabantar kanta tun 1903, kuma a 1930 ya fitar da littafinsa mai ɗauke da haɗe-haɗe kimanin 750. Wannan mashaya tana aiki har yanzu.

Idan tsufa na gaske kake nema, wanda ya fi burge ni a duniya shi ne ɗan ƙaramin ɗakin da mai zanen gini Adolf Loos ya zana a birnin Biyana na Ostiriya a 1908. Faɗinsa bai wuce murabba'in mita 27 ba, wato ɗaki ne da mutum ashirin za su cika shi, amma Loos ya jera madubai a saman bango, sama da tsayin mutum, ta yadda rufin marmara da ginshiƙan ɗakin suke maimaita kansu a ciki kamar ba su da iyaka, kai kuma da ke zaune ba ka ganin fuskarka. Ƙasa da madubin katakon maɗaci ne mai duhu da kujerun fata kore, tebura kuma haske yana fitowa daga cikinsu. Na daɗe ina nazarin hotuna da taswirar wannan ɗaki kafin in gan shi, kuma duk da haka da na shiga sai da na yi shiru na ɗan lokaci, domin gani ya kori ji.

A Faris akwai Harry's New York Bar, wadda aka buɗe a 1911 da katakon da aka kwance daga wata mashaya a unguwar Manhattan ta Niyok aka yi jigilarsa ta teku. A Niyok akwai Bemelmans a otal ɗin Carlyle, inda mai zane Ludwig Bemelmans ya cika bango da hotunan dabbobi suna shaƙatawa a babban lambun birnin a 1947, kuma maimakon kuɗi ya karɓi masaukin shekara ɗaya da rabi a otal ɗin shi da iyalinsa. Tunda kun ambaci piyano, ina ganin wannan ya fi kusa da abin da ke ranku. A birnin New Orleans na Amurka kuma otal ɗin Monteleone yana da kanta mai kujeru 25 da aka girka a 1949, wadda ke juyawa a hankali kamar lilon yara, tana kammala zagaye ɗaya a cikin minti goma sha biyar.

Sai dai tsohon suna ba kullum yake nufin tsohon ɗaki ba. Otal ɗin Raffles na Singafo ya buɗe tun 1887, kuma a can ne Ngiam Tong Boon ya ƙirƙiro haɗin da ake kira Singapore Sling wajen 1915, amma ɗakin Long Bar da baƙi ke shiga yau, mai mafitai a rufi da ɓawon gyaɗa a ƙasa, an tsara shi ne a wani sashe na ginin lokacin babban gyaran da aka kammala a 1991. Wannan bai sa ya zama wurin banza ba, amma mai neman ainihin bangon da mutanen wancan zamani suka jingina da shi ya kamata ya san haka.

Yadda nake gane tsufa da idona shi ne ta wurin duba inda jiki ke taɓawa. Sandar tagulla da ake ɗora ƙafa a gindin kanta takan sha goga a wasu wurare fiye da wasu, bakin kanta yakan yi laushi ya kwanta a daidai inda gwiwar hannu ke sauka, tsohon madubi kuma yakan yi ɗigo-ɗigon baƙi daga gefe inda danshi ya shiga. Tsufan da aka yi a masana'anta yakan bazu daidai a ko'ina, har a inda hannu ba ya kaiwa. Sannan ka dubi fitilu. Ƙwan lantarki tsirara mai jan zare a ciki, wanda ake ratayawa da igiya, yayi ne na shekarun baya-bayan nan. Manyan otal-otal na zamanin salon Art Deko, wanda ya samo sunansa daga baje kolin Faris na 1925, ɓoye ƙwai suke yi a bayan gilashi mai hazo ko ƙarƙashin hular fitila, domin haske ya sauka a kan tebur da fuska a hankali.

Duk da haka, a kan tambayarka ta ko bambancin yana da muhimmanci, ra'ayina shi ne yana da shi amma bai kai yadda ake zato ba. Wurin da ya farfaɗo da wannan al'ada a zamaninmu, wato Milk & Honey da Sasha Petraske ya buɗe a Niyok a daren ƙarshe na 1999, sabo ne fil a lokacin, kuma abin da ya ɗauko daga zamanin da shi ne ladabi. Ya rubuta dokoki ya manna: ba ihu, ba faɗa, namiji ba zai je ya gabatar da kansa ga macen da bai sani ba, kada ka zo da wanda ba za ka iya barinsa shi kaɗai a gidanka ba, kuma idan za ka fita ka fita shiru saboda maƙwabta suna barci. Na taɓa shiga ɗaki mai shekara fiye da ɗari na tarar da shi cike da masu ɗaukar hoto da waya suna tafiya, ma'aikata kuma sun gaji da su, na fito ban ji komai ba. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wannan harka na ga gaskiyar maganar.

Dattijo Mai Karatu ya amsa:

Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin da aka ba ka, kuma ban ga kuskure a bayanan tarihin da aka kawo ba. Amma ina so in ƙara wani ɓangare da bai kamata a tsallake shi ba, kuma ina fata za ka karɓe shi da kyakkyawar niyyar da na rubuta shi.

Zamanin da kake begensa yana da wata fuskar da kyamara ba ta ɗauka ba. A shekarun haramcin nan na Amurka dubban mutane sun mutu, wasu sun makance, saboda shan barasar masana'antu da aka gauraya da guba. Gidan rawa na Cotton Club da aka buɗe a unguwar Harlem ta Niyok a 1923, inda makaɗi Duke Ellington ya yi suna daga 1927, baƙaƙen fata ne ke kiɗa da rawa da hidima a cikinsa, amma kujerun 'yan kallo na fararen fata ne. Wato a cikin ɗakuna da yawa na wancan lokaci, da ni da kai ta ƙofar baya za mu shiga, in ma an bar mu mun shiga. Mata ma an daɗe ana hana su zama a wasu mashayun, har akwai tsohuwar mashaya a Niyok, McSorley's, da ba ta karɓi mata ba sai a 1970 bayan kotu ta tilasta mata. Ba na faɗin haka don in rage maka sha'awar kyakkyawan gini ko kyakkyawan kiɗa, domin ni ma ina son su. Ina so ne idan ka zauna a ƙarƙashin waɗannan fitilu ka san cewa zaman da kake yi da iyalinka cikin mutunci abu ne da aka samu daga baya, da wahalar wasu.

Na biyu, ado da fitilu da farar kwat suna lulluɓe abin da ake sayarwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Kai ka ce ba ka sha, kuma na yarda da kai, amma wannan zaure matasa ma suna karanta shi, kuma ya kamata su ji cewa kyawun kofi ba ya sauya abin da ke cikinsa.

Shawarata ita ce ka tambayi kanka ko lallai sai mashaya ce za ta ba ka abin da kake nema. Yawancin tsofaffin otal-otal ɗin da aka ambata suna da zauren shan shayi a gini ɗaya, mai irin ado ɗaya, da mai piyano, da ma'aikata masu irin tarbiyya ɗaya, kuma a can shayi da kofi ne kan gaba. Akwai kuma tarihin da ba a cika ba da labarinsa ba na shagunan abin sha marasa barasa: a Amurka kantunan lemun gas masu teburin marmara da dogayen kujeru sun bunƙasa sosai a shekarun haramci, a arewacin Ingila kuma masu yaƙi da shaye-shaye sun buɗe nasu mashayun na jiƙon itatuwa da saiwoyi, waɗanda ɗaya daga cikinsu, Fitzpatrick's a garin Rawtenstall, ya samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19. Waɗannan ma zamanin da ne, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Mai Son Tarihi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganarka ta shige ni, musamman ta Cotton Club, domin na daɗe ina sauraron kiɗan wancan zamani ban taɓa tsayawa na yi tunanin waɗanda aka bari a waje ba. Na karanta wa maiɗakina dukkan amsoshin, kuma ita ta fi karkata ga zauren shayi, ni kuma har yanzu ina son in ga aikin mai haɗin nan da aka kwatanta da idona. Mun yanke shawarar mu nemi tsohon otal da ke da duka biyun, mu fara da zauren shayi, idan mun ga ɗayan ɗakin yana da natsuwa mu leƙa na ɗan lokaci. Malam tsohon ma'aikaci, wane lokaci ne ya fi dacewa da irinmu, kuma akwai abin da ya kamata mu shirya tun kafin ranar?

Tsohon Ma'aikacin Otal ya sake amsawa:

Tsarin da kuka yi ya yi kyau, Malam, kuma ina goyon bayan abin da Baba ya faɗa. Na ga abin da shaye-shaye ya yi wa wasu abokan aikina da wasu baƙin da na saba da su, kuma yana cikin dalilan da suka sa na bar bayan kanta na koma wani sashe.

Ku zaɓi ranar tsakiyar mako, ku kuma je da wuri, daga buɗewa zuwa misalin ƙarfe takwas na dare. A wannan lokaci ɗakin bai cika ba, waɗanda ke ciki ba su yi nisa da sha ba, mai haɗi kuma yana da sukunin da zai saurare ku ya yi muku aiki a natse. Daga ƙarfe goma zuwa sama, musamman a ƙarshen mako, yanayin yakan sauya ko a wuri mafi daraja. Ka buga waya kwana biyu ko uku kafin ranar, ka tambayi ko ana ajiye tebur, da ƙa'idar sutura, da lokacin da mai piyano ke farawa, domin wasu wuraren suna ƙara kuɗin zama a kan kowane mutum da zarar an fara kiɗa, kuma gara ka sani tun kafin takardar biya ta zo. A wannan wayar ka faɗa musu cewa bikin cikar aure ne kuma ba kwa shan barasa, za su rubuta a littafin ajiya, wanda zai yi muku hidima ya karanta kafin ku iso.

Tunda kai aikin hannu kake son gani ita kuma natsuwa take so, ka roƙi teburin kusurwa da ke fuskantar kanta, inda za ka hango mai haɗi sosai ba tare da kun shiga cikin masu kai da komo ba. Idan akwai wanda ya fi sauran ma'aikata shekaru, ka tambaye shi labarin ɗakin lokacin da aiki ya lafa masa, domin yawanci shi ne ya san wace kujera ce ta asali da wadda aka sauya, da shekarar da aka gyara rufi. Wayoyinku kuma ku bar su a aljihu bayan hoto ɗaya ko biyu, saboda haskensu yana damun na kusa da ku a ɗaki mai duhu, kuma wasu wuraren suna hana ɗaukar hoto da walƙiya gaba ɗaya.